Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausa: Darasi daga Gonakin Rani na Kura da Bunkure

1.0 Gabatarwa

Keɓaɓɓun kalmomi su ne kalmomin da suka taƙaita ga wani fanni na ilimi, kamar likitanci ko kimiyyar halittu ko sadarwa. A wannan darasi za a duba hanyoyin da Hausa ke bi wajen samar da su, tare da nuna dalilin da ya sa ya wajaba malami ya san ilimin da ke ƙunshe cikin kalma kafin ya koyar da ita.

2.0 Hanyoyin Samar da Kalmomi

Akwai manyan hanyoyi huɗu:

(a) Aro: a ɗauko kalma daga wani harshe a daidaita ta da tsarin sautin Hausa, kamar likita da asibiti da kwamfuta da jita.

(b) Faɗaɗa ma'ana: a ɗora wa tsohuwar kalma sabon nauyi. Kutse a da shiga wuri ne ba da izini ba. Yanzu ya haɗa da shiga kwamfuta ko asusun wani don satar bayanai.

(c) Fassarar aro: a fassara sassan kalmar baƙon harshe, kamar yanar gizo.

(d) Bayyanawa: a siffanta abu da dalilinsa ko aikinsa, kamar zazzaɓin cizon sauro da kalmar sirri.

3.0 Misalin Tsargiya

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Sai dai ruwa mai tafiya a hankali matattara ce ta wani ƙaramin dodon koɗi, wanda shi ne masaukin tsutsar tsargiya. Likita Theodor Bilharz, ɗan ƙasar Jamus, shi ya gano wannan tsutsa a birnin Alƙahira a 1851.

Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar sai ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa. Daga nan ƙananan tsutsotsi su fito, su huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa, su girma a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara. Alamarta ita ce jini a ƙarshen fitsari. In an yi sakaci tana haddasa ƙarancin jini da lalacewar ƙoda, har ma da sankarar mafitsara. Maganinta a asibiti shi ne firazikwantel.

Abin lura shi ne, kalmar tsargiya tsohuwa ce, amma ba ta nuna alaƙar cutar da ruwa kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya ambaci sauro ba. Saboda haka yaro zai iya sanin sunan, ya kuma ci gaba da wanka a magudana.

4.0 Kammalawa

Ke nan, aikin malamin Hausa bai tsaya ga jera kalmomi a allo ba. Inda kalma ta gaza bayyana kanta, malami ne zai cike giɓin, domin lafiyar ɗalibansa na iya rataya a kan bayaninsa.

Auna Fahimta

1. Kawo misalai biyu-biyu na kowace hanya, ban da waɗanda aka ambata.

2. Ƙirƙiri sunan tsargiya ta hanyar bayyanawa, sannan ka kare zaɓinka.