Takobin Roba Ya Ƙi Karɓar Fenti

Tambaya: Malam, na sayi takobi da garkuwa na roba a kasuwar Mubi don wasan ranar al'adu, zan fito a matsayin mayaƙin Gude na da. Na shafa fenti, washegari ya ɓare. Ina mafita? Daga wani ɗalibi, Gella.

Amsa: Ƙanena, santsin roba ne ya hana fentin kamawa. Wanke su da Omo, su bushe, ka goge da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu. Sai ka fesa fenti sama-sama, ka bari ya sha iska, ka ƙara. Mai gaggawa ne ke lafta shi lokaci guda, ya tsiyaye. Ka yi aikin a inuwa inda iska ba ta kaɗawa, kada ƙurar hunturu ta manne. In garkuwar ta farin soson kwalin rediyo ce, fentin feshi zai cinye ta, nemi na ruwa.

Ƙotar takobin kuwa, kai wa baduku ya naɗe ta da jar fata, ka murza Kiwi don ta yi kamar tsohuwa. Kafin ka taɓa rigar da za ka saka, tambayi dattawan gidanku yadda suturar take, kada ka fito kamar dogarin Kano.

In za ka haɗa da bindigar roba, kar ka maishe ta baƙa. Jami'an tsaro ba sa wasa da abin da ya yi kama da bindigar gaske.