Zumunta A Ƙafa Ta Ke

In yara biyu sun kama hanyar makaranta suna taɗi, ku dubi ƙafafunsu. Sau da yawa kafin su yi nisa za ku ga sawunsu ya zo daidai, suna ɗaga ƙafa tare, suna saukewa tare. Ba wanda ya umurce su, su kansu ma ba su san sun yi ba. Haka kuma in jama'a suka ɗauki tafi, da fari kowa na yin nasa dabam, jim kaɗan sai ka ji tafin ya koma kamar na mutum guda.

Ga yadda abin ya ke faruwa. Kunne yana jin takun abokin tafiya, ido yana ganin motsinsa, ƙwaƙwalwa kuwa tana ƙiyasta lokacin da taku na gaba zai sauka. Sai mai sauri ya ɗan sassauta, mai nawa ya ɗan ƙara, har su haɗu a tsakiya.

An ga irin wannan a birnin Landan na ƙasar Ingila. Ran 10 ga watan Yuni, 2000, aka buɗe wata sabuwar gada ta masu tafiya a ƙasa, bisa Kogin Tems. Da jama'a suka cika ta, sai ta soma lilo kaɗan kaɗan. Kowa ya shiga gyara takunsa don kada ya faɗi, sai ga mutane masu yawa, waɗanda ba su san juna ba, suna taku tare, gadar kuwa tana ta lilo. Bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai a shekarar 2002, bayan an gyara.

To, mene ne amfanin wannan hali ga ɗan Adam? Masana sun bincika. A shekarar 2009 aka ba da labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka. An raba mutane uku uku, aka sa su zagaya filin jami'ar. Waɗansu aka ce su daidaita sawu, waɗansu kuwa kowa ya yi tafiyarsa yadda ya saba. Sa'an nan aka ba su wani wasa wanda ba a cin ribarsa sai an amince da juna. Waɗanda suka daidaita sawu su suka fi haɗa kai.

Har jarirai ma haka su ke. A shekarar 2014 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka gwada jarirai 'yan wata 14. Ana riƙe da jariri ana jijjiga shi bisa ga kiɗa, wata baƙuwa tana tsaye gabansa ita ma tana motsi. Wani jaririn motsinsu ya zo daidai da nata, wani kuwa ya saɓa. Bayan haka sai baƙuwar ta saki wani abu ƙasa, kamar ya kuɓuce mata. Jariran da suka yi motsi daidai da ita su suka fi yawan ɗauko abin su miƙa mata.

Kakanninmu ba su yi irin wannan gwaji ba, amma sun daɗe suna cin moriyar abin. In aka kira gayya, a kan zo da makaɗi gona. Yana kaɗa ganga, samari suna jere, fartanyoyi suna tashi tare suna sauka tare. Aikin da zai ci mutum guda kwanaki sai a gama shi a yini ɗaya, a koma gida ana raha. Mata kuma in suna lugude, taɓarya biyu ko uku a turmi guda, kowace ta san lokacinta, ba wadda ke bugun ta 'yar'uwarta. 'Yan mata a dandali suna gaɗa, tafinsu ɗaya ne. Duk waɗannan suna sauƙaƙa gajiya, suna kuma ƙulla zumunci.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke, watau sai ka taka ka je wurin ɗan'uwanka. Yanzu kun ga tafiya tare ma tana da nata rabo. Saboda haka, yara, in an kawo baƙon yaro ajinku, kada ku bar shi a raɓe jikin bango shi kaɗai. Ku jawo shi cikin wasa, ku rako shi hanya in an tashi. In kuwa kun yi faɗa da abokinku, kada ku ƙaurace wa aikin da aka ba ku tare, gama sau da yawa kafin a gama sharar fili zuciya ta huce.

Tambayoyi

1. Me ya sa sawun abokan tafiya ya kan zo daidai?
2. Me ya faru a gadar Landan a shekarar 2000?
3. Waɗanne jarirai suka fi taimakon baƙuwar?
4. Ku faɗi ayyuka uku na garinku da a ke yi da motsi ɗaya.