Yadda Ake Tantance Shafin Karatu a Intanet

Ana fara auna shafin karatu ne da sanin mai shi. Adireshin da ya ƙare da .edu.ng yakan nuna makaranta a Nijeriya, .ac.uk kuwa a Birtaniya. Khan Academy, wanda Salman Khan ya kafa a 2008, yana koyar da lissafi da kimiyya kyauta, MIT OpenCourseWare kuma na ɗauke da darussan jami'a. Ya kamata ɗalibi ya duba sunan marubuci da ranar da aka sabunta darasi, musamman a fannin likitanci inda bayani ke saurin tsufa. Tun da kowa na iya gyara Wikipedia, sai a bi majiyoyin da ke ƙasan shafi. Shafin da ke sayar da amsoshin WAEC ko JAMB kafin jarrabawa, a guje masa.