Batirin Mota da Abin da Ke Kashe Shi

Ku da ke kawo kaya kasuwa a Kakuri, ko Makera, ko Sabon Tasha, kun sha gani. An gama lodi, direba ya murɗa makulli, mota ta yi ƙus, ta ƙi tashi. Sai a ce kowa ya sauko a tura. Yawanci batir ne ya mutu. In tumatir aka ɗauko, hasara ta samu. In mai naƙuda ce a ciki, abin ya fi hasara.

To, mene ne batir? Akwati ne mai ɗaki 6. A kowane ɗaki akwai fallayen dalma jiƙe cikin ruwan batir. Kowane ɗaki yana ba da wuta kamar bolt 2. Ku lissafa, 2 sau 6, 12 ke nan. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irinsa a 1859. Motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975 duk da irinsa suke tashi. Batir shi ke ta da inji. In inji ya tashi, sai altaneta ta mayar masa da wutar da ya ba da.

A ƙasarmu babban magabcin batir zafi ne. Mutane suna zargin sanyin hunturu, don da asubar hunturu mota ta fi ƙin tashi. Amma zafin bazara, watan Maris da Afrilu, shi ya riga ya cinye shi. Zafi yana ƙafar da ruwansa, yana cin fallayen. Sanyi tona asiri kawai ya yi. Shi ya sa a nan wanda ya yi shekara 3 ya yi ƙoƙari.

Gargadar hanya ma tana kashe shi, in ba a ɗaure shi tam ba. Haka kuma gajeriyar tafiya. Motar da ba ta wuce Barnawa zuwa Kakuri, a kashe, a tayar, a kashe, batirinta ba ya ƙoshi. Fambel in ya saki, caji ba ya shiga. Wanda aka ajiye wata da watanni ba a tayar ba, shi ma lalacewa yake yi.

In batirinka mai murafu ne, duba ruwan kowane wata. In ya ragu, ƙara tataccen ruwa, wanda masu cajin batir ke sayarwa. Kada ka zuba ruwan rijiya. Kada ka ƙara ruwan batir mai ƙuna. Farin garin nan da ke taruwa a kai, a wanke shi da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, kada ya shiga ciki, a shafa giris.

Wajen canji, a nan karatu ke da rana. Kashe inji, zare makulli. Dubi kawunan biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa, +. Ɗaya yana da alamar ɗebewa, −. Fara kwance na ɗebewa, sa'an nan na tarawa. Ga dalili. Wayar ɗebewa a jikin mota take ɗaure. In tana nan, sifana ya taɓa kan tarawa da jikin mota tare, wuta za ta tashi. Wajen ɗaura sabo, sai a juya: tarawa da fari, ɗebewa daga baya. In aka musanya wayoyin, ana iya ƙone altaneta nan take. Ban da taba, ban da ashana, gama batir yana fid da iska mai kama wuta. In ruwan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Saura tsohon. Kada a fasa shi a gida don a narka dalma. Dalma guba ce, ga yara musamman. A 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Dalmar batir ita ce dai wannan dalmar. Ka kai tsohon wurin mai sayar da sabo, bakinsa na sama, kada ya tuntsure. Ka tambaye shi nawa zai rage maka.