"Ages", "miles" da "light years": yadda Turanci ke faɗin daɗewa da nisa

Duk wanda ke kallon bidiyon masu gwada wayoyi a YouTube ya saba jin wani ya ɗaga waya ya ce "this phone takes ages to charge", ko ya ce kyamararta "is miles ahead" ta wadda aka fitar bara. Idan aka bi kalma bayan kalma, an ce wayar tana cin zamunna kafin ta cika da caji, kyamarar kuma tana gaba da mil da yawa. Ba haka mai maganar yake nufi ba. Yana cewa ne cajin na ɗaukar lokaci har ya gundure shi, kyamarar kuwa ta yi wa ta bara fintinkau.

Turanci na da kalmomi iri biyu na faɗin tsawo. Akwai na awo, masu adadi tsayayye, akwai kuma na zuguguwa, waɗanda ba a ƙirga su. Matsalar ita ce sau da yawa kalma ɗaya ce ke yin aikin biyu, kuma mai sayar da kaya ya san haka.

Hausa ma tana da irin wannan. Wanda ya ce wa abokinsa "kwana biyu!" ba kwana biyu yake nufi ba, wataƙila wata shida suka yi ba su haɗu ba. Bambancin shi ne Bahaushe a nan ya rage, Bature kuma yakan ƙara. Inda Bahaushe zai ce kwana biyu, shi sai ya ce "I haven't seen you for ages" ko "long time no see". Kalmar "ages" tana iya ɗaukar shekara goma, tana iya ɗaukar minti ashirin da mutum ya yi yana jiran bidiyo ya buɗe saboda rashin ƙarfin intanet. Yanayin maganar ne ke nuna wanne. Haka "forever": asalinta har abada, amma "the update took forever" na nufin sabuntawar ta daɗe ba ta gama ba, kuma ta riga ta gama. Mutanen Ingila suna da wata ta raha, "donkey's years", wadda ta yi daidai da shekara da shekaru.

Wadda ta fi ruɗa mutane ita ce "a while". Kwamfuta ko waya kan rubuta "this may take a while" yayin da take ɗora sabon tsari. Wannan ba alkawarin minti biyar ba ne, ba kuma na awa biyu ba. Gargaɗi ne cewa abin zai ɗan ɗauki lokaci, don haka a jona caji kada a kashe na'urar. Wanda ya gaji ya danne maɓallin kashewa a tsakiyar aikin yana iya lalata tsarin har sai an kai wa mai gyara. Ƙananan kalmomin da ke zagaye da ita su ne ke sauya ma'ana: "a little while" ɗan lokaci ne kaɗan, "quite a while" an daɗe sosai, "once in a while" kuma jefi-jefi ne, ba maganar daɗewa ba ce sam.

Na awo ba su da wahala. "Decade" shekara 10, "century" shekara 100, wato ƙarni, "millennium" shekara 1,000. Idan aka rubuta cewa iPhone ta haura "a decade and a half" a kasuwa, lissafi ne na gaske, domin a 2007 ta fito. Amma da an sa su a jam'i ba tare da adadi ba, kamar "this design looks decades old", an koma zuguguwa.

Akwai kuskure guda da ya yi yawa a Turancin Najeriya, kuma yana fitowa fili idan mutum na rubuta wa sashen kula da abokan ciniki na wani kamfanin waje. Mutum zai rubuta "I have been waiting since", ya ɗiga aya, yana nufin tun ɗazu yake jira. Ɗan Najeriya ya gane. Wanda ke can Amurka ko Indiya zai tsaya jiran ƙarashen jimlar, domin a irin wannan jimla "since" tana buƙatar a faɗi lokacin da abin ya fara: "since Monday", "since 2022". Idan tsawon lokacin ake son faɗa, "for" ake sawa: "for three days", "for a long time". Ga wanda kuɗinsa ya maƙale kuma yana son a duba da gaggawa, "for three days" ta fi "for ages" amfani nesa ba kusa ba, saboda ma'aikacin na iya bin diddigin kwana uku.

Wani ƙaramin sirri da littattafan nahawu ke koyarwa: kalmomin "long" da "far" su kaɗai sun fi zama a tambaya da jimlar korewa. Ana cewa "have you been waiting long?" ko "it won't take long", ana cewa "is it far?" ko "it isn't far". Idan za a tabbatar da abu, sai a faɗaɗa: "I waited a long time", "it's a long way from here". Wanda ya ce "I waited long" za a fahimce shi, amma kunnen mai harshen zai ji wani abu ya rage. Da an sa "too" a gaba kuwa, komai ya daidaita: "too long", "too far". Sannan "how far" a asalin Turanci tambayar nisa ce. Wanda ya aika wa Bature ita a matsayin gaisuwa kada ya yi mamaki idan aka mayar masa da tambayar daga ina zuwa ina.

A ɓangaren nisa, "mile" ce uwar gayya. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai, kuma har yau da shi ake rubuta allunan hanya a Amurka da Ingila. Kalmar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ga Mil Tara nan a Kano. Manhajar taswira ko ta ƙirga tafiyar ƙafa na iya nuna mil idan an saita ta a tsarin Amurka, sai mutum ya ga 10 ya ɗauka kilomita goma ne, alhali sha shida ne. Ana gyara wannan a wurin saiti. Wannan shi ne mil na awo. Na zuguguwa kuma yana ko'ina: "miles better" ya fi kyau nesa ba kusa ba, "miles away" can uwa duniya. Idan kuma aka ce wa mutum "you were miles away" alhali yana zaune a ɗakin, ana nufin hankalinsa ya tafi wani wuri. "We have come a long way" na nufin tafiya ta yi nisa, an ci gaba. "There is a long way to go" ita ce da sauran rina a kaba.

Sai "light year", wadda kusan kowa ke ɗauka lokaci ce saboda kalmar shekara da ke cikinta. Awon nisa ce: tazarar da haske ke ci a shekara guda. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ya taso daga rana ya iso duniya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙu. A shekara yana cin kimanin kilomita tiriliyan 9.46. Tauraron da ya fi kusa da rana, Proxima Centauri, yana da nisan irin wannan awo 4.2. To idan talla ta ce wata waya "is light years ahead", babu abin da ta faɗa face ta yi zarra, kuma ra'ayin mai talla ne. Turawan ma kansu sukan ce "light years ago" suna nufin tun tale-tale, abin da masana taurari ke ganin kuskure ne.

Inda abin ya shafi aljihu shi ne wurin saye. "Long-lasting battery" ba ta faɗi awa nawa ba. "All-day battery" ba ta faɗi yinin wa ba, na mai kira sau uku ko na mai kallon TikTok tun safe. "Up to two days" na nufin iyakar abin da za a iya samu ke nan, ƙasa da haka ma bai saɓa maganar ba. "Lifetime" ita ce mafi santsi: mai saye yakan ɗauka tsawon ransa ake nufi, alhali a sharuɗɗan manhajoji da yawa tsawon ran kayan ne ko na hidimar, ranar da aka rufe ta kuwa magana ta ƙare. A kwatanta da abin da Google ya faɗa kan Pixel 8 a 2023, da Samsung kan Galaxy S24 a 2024: shekara bakwai na sabunta manhaja. Wannan adadi ne, mai waya na iya ƙirgawa daga shekarar da ta fito ya san lokacin da za a daina aiko masa da gyaran tsaro. Idan kwalin waya ya ce "years of updates" kawai, tambayar da za a yi wa mai shago ita ce "how many years?"