Azurfar da ta zube daga kuɗin Rumawa

'Ya'yana, in ana maganar faɗuwar daular Rumawa, mutane kan tuna da shekarar 410, lokacin da Alarik da mayaƙansa suka kutsa birnin Rum suka kwashi ganima, ko kuma 476 da aka tuɓe yaron nan Romulus Augustulus daga gadon sarauta. Ni kuwa so nake ku leƙa aljihun talakan Rum tukuna.

A zamanin Sarki Augustus, sulen da suke kira denarius kusan zallar azurfa ne. Soja ya karɓe shi albashi a bakin kogin Rhine, fatake su tafi da shi nesa, har a kudancin Indiya an tono tarinsa a ƙasa. Wajen shekarar 64 Nero ya rage masa nauyi, ya ɗan gauraya tagulla. Kaɗan ne, ba wanda ya ɗaga murya. Waɗanda suka biyo baya suka ga sama ba ta faɗo ba, kowa ya hau sai ya ɗan taɓa. Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna da ke Libiya ta yau, ya ƙara wa sojoji albashi, azurfar ta koma wajen rabi. Ɗansa Caracalla ya fito da sabon sule a 215, aka ce a bakin denarius biyu yake, alhali azurfar ɗaya da rabi ce a cikinsa. Kafin 270 tagulla ce kawai aka wanke wa fuska, azurfar ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba.

Kada ku ɗauka duk miyagu ne. Kowannensu yana da uzurinsa, kuma uzuri mai ƙarfi: Farisa a gabas, ƙabilu suna ƙetaro Danube, annoba tana cin mutane, ga sojojin da ke hallaka sarki in hannunsa ya yi nauyi. A 193 dogarawan fada sun kashe Sarki Pertinax, suka yi gwanjon sarautar, Didius Julianus ya taya mafi tsoka, bai cika wata uku a kai ba shi ma aka gama da shi. Wanda ke zaune a irin wannan kujera, rage azurfa ya fi masa sauƙi da ya ce wa soja babu.

A nan nake jin tsoro dominku. Gobe wani zai riƙe shago, wata ta riƙe adashi, wani asusun ƙungiya. Ranar da mutum ya fara danne gindin mudu, ba ya jin kansa ɓarawo, cewa yake yau kawai, kasuwa ta yi zafi. Ku yi hattara da wannan "yau kawai" ɗin, musamman in ta wuce lafiya ba wanda ya gane.

Mu koma Rum. Da farashi ya haukace, Sarki Diocletian ya kafa doka a 301, ya yanka kuɗin kaya da na aiki iri fiye da dubu, ya ce wanda ya zarce kisa ne. 'Yan kasuwa suka ɓoye kayansu, dokar ta mutu da kanta. Ita kanta hukuma ta fi son a biya ta haraji da hatsi da mai da tufafi, domin ta san abin da ke cikin kuɗin da ta buga.

Constantine ne ya zo da sulen zinariya, solidus, guda 72 a kowace laba ta Rumawa, kuma sarakunan Kustantiniya suka ƙi taɓa shi kusan shekara 700. Shi ne kuɗin zamanin Hiraƙla, sarkin da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, da shi kuma Larabawa suka ci gaba da ciniki har Halifa Abdulmalik bin Marwan ya buga nasa dinarin a ƙarshen ƙarni na 7.