Toshe Kafofin da Ɓeraye ke Bi su Shiga Gida da Sito

Da zarar an gama girbi aka fara ƙona daji, ɓeraye kan baro gona su biyo hatsi zuwa gida. Manoma da yawa kan garzaya su sayo guba ko tarko. Waɗannan suna rage yawansu ne kawai. Muddin hanyar shiga tana buɗe, wasu za su maye gurbin waɗanda suka mutu, domin cikin ɓeran gida bai wuce na kwana 21 ba.

Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafa mai faɗin milimita 6, wato kaurin fensir. Babba kuwa milimita 12 ta ishe shi. Saboda haka duk tsagar da fensir ya shige, ku ɗauke ta a matsayin ƙofa. Domin gano irin waɗannan wurare, ku shiga ɗaki da rana, ku rufe ƙofa da taga, ku lura da inda haske ke shigowa. Da dare kuma ku barbaɗa toka a gindin bango. Da safe sawunsu zai nuna muku hanyarsu.

Kada ku toshe rami da tsumma, leda, kwali ko laka zalla. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsawo, shi ya sa kullum yake cikin gwaguyar abu, kuma duk waɗannan ba sa gagarar sa. Ku cusa fasassun kwalabe ko tsakuwa a ramin, sannan ku yaɓe da siminti. Taga, bakin rariya da sararin da ke tsakanin bango da rufin kwano, ku sa musu ragar waya wadda idonta bai wuce milimita 6 ba.

Wurin da aka fi sakaci da shi shi ne ƙasan ƙofa. Sau da yawa malamin gona kan tarar da sito mai bangon siminti da kwaɗo mai tsada, amma ƙarƙashin kyauren yatsa biyu na shigewa. Ku buga falle na kwano a ƙasan kyaure, tsayin kamar santimita 30, ku kuma ɗaga dokin ƙofa da siminti har su haɗu. Ku jera buhuna a kan katako nesa da bango, yadda mutum zai iya zagayawa ya duba, ku sare rassan da suka taɓa rufi.

Asarar ba ta tsaya kan hatsi ba. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, kuma yana yaɗa ta ne ta fitsari da kashinsa a kan abinci. In za ku share kashin ɓera, ku fara yayyafa ruwa mai bilic don kada ƙura ta tashi, kada kuma ku ɗauki mushensa da hannu tsirara.